Motar Tanko da Fatar da Na Ɗinka Mata

Tun da na dawo ban samu na zauna a rumfa na ɗinka kube ko ɗaya cikin natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce, "Idi, an ce har Riruwai ka je a mota?" Wancan ya zo yana tambaya ko gaskiya ne akwai giwa a dajin Falgore. Na gaji da maimaitawa, ga bayana har yau bai daina ciwo ba. Don haka zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Giwa dai ban gani ba. Abin da na fi gani a tafiyar nan shi ne ƙasan mota, ina kwance rigingine a ƙarƙashinta.

Kun san ni baduku ne, ban taɓa wuce Kiru ba kafin wannan. Kun kuma san yayana Garba, wanda ya tafi cin rani wajen haƙar kuza ya daɗe bai dawo ba. To ana cikin kaka, ruwa bai gama ɗaukewa ba, wani ɗan koli ya zo gidanmu ya ce ramin kuza ya rufta da Yaya, ƙafarsa ta karye, yana can kwance. Daga ranar Inna ta daina cin abinci. Ta kira ni ta ce, "Ka je ka ɗauko mini shi, ko a kan jaki ne."

Jaki ba zai kawo mai karaya daga wannan nisa ba. Manyan motoci kuwa ba sa wuce Tudun Wada sai hanya ta bushe. Abin da ya rage shi ne jif ɗin Tanko, tsohon sojan nan da ya koyi tuƙi a yaƙin Bama, wanda ya sayi motar a gwanjo yana ɗaukar gyaɗa da ita. Ita ce ke ja da ƙafa huɗu, tana shiga inda sauran ba sa shiga.

Na same shi a ƙofar gidansa na faɗa masa. Ya kama hannuna ya durƙusar da ni a gaban motar.

"Leƙa nan. Ka ga sandar ƙarfen can? Ita ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba. Tana da gaɓa a kowane kai, kamar gwiwar mutum, tana lanƙwasa tana juyawa. Gaɓar a cikin giris take zama, an sa mata rigar roba don kada yashi ya shiga. Dubi rigar."

Na duba. Robar ta tsattsage kamar tsohon takalmi, baƙin mai ya fantsama ko'ina.

"Idan muka shiga taɓo da ita haka, yashi zai cinye gaɓar kafin Doguwa," in ji shi. "Sabuwa sai Kano, can ma sai an yi sa'a. Amma a soja na ga an yi ta da fata. Kai ne baduku."

Haka aikin ya faɗo kaina. Washegari ya kawo motar ƙofar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya. Ya ɗaga ta da jak, ya ce ba zai sa kansa a ƙasan mota ba sai an tokare ta da abu mai ƙarfi. Muka kifa turmin Inna muka sa. Turmin da ko aro ba ta bayarwa, ranar da kanta ta ce a ɗauka. Tanko ya karce sandar da ƙusa don ya gane yadda za ta koma, ya kwance notuna yana jera su a faifai. Ɗaya ya ƙi fita, ya yi ta jiƙa shi da kananzir yana bugu har azahar. Da sandar ta fito muka wanke gaɓoɓin a tsohon kwano har ruwan kananzir ya koma kamar kunun kanwa. Ni kuma na tsaga tsohuwar robar na shimfiɗa ta a kan fata na zana. Na ɗinka a jiƙe, na zura a taɓarya na tattara ta ta yi ninki, don ta riƙa miƙewa tana komawa. Tanko ya cusa giris da yatsa, muka zura rigunan, ya ɗaure bakinsu da waya. Jar fatar akuya na sa, mai laushi, irin wadda nake yi wa manya gafaka da ita. Na ɗauka mai kyau ita ce mai ƙarko. Magariba ta yi kafin mu mai da komai wurinsa.

Muka tashi da asuba. Ban taɓa shiga mota ba, kuma ba na yi wa kowa fatan ya fara da wannan. Kujerar ƙarfe ce da ɗan buhu a kai. Duk ramin da ta faɗa sai na ji shi a haƙorana. Muka biya Kiru don ɗaukar fetur wajen wani mai ajiye shi a garwa, muka tarar ya tafi gona. Muka zauna jiransa har rana ta take. Da ya dawo kuma sai da ya yi wanka ya ci abinci.

Bayan Ba'awa akwai wani rafi. Tanko ya sa giya ya shiga, ruwa har ƙofa, muka fita lafiya. Ba mu yi nisa ba ya tsaya ya leƙa ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Baduku, zo ka ga gafakarka."

Fatar ta sha ruwa ta saki, sandar ta naɗe ta ta yaga. Abin da ya rage sai tsumma yana lilo a waya. Muka naɗe gaɓoɓin da rawanin Tanko da muka raba biyu, muka ci gaba a hankali kamar masu rakiyar amarya. A wani kwari muka kafe, muka yi ta tonon taɓo da hannu.

Mun shiga Tudun Wada bayan la'asar, muka sauka a zauren wani Malam Haruna, wanda Tanko ya sani. Dattijo ne mai sanyin magana. Da na gaishe shi na tambaye shi abin da ke damuna tun safe. Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ke tafiya a mota yana zaune, shi ma zai yi kasaru kamar mai tafiyar ƙasa?"

Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, taɓo ya bushe mini har ƙirji. Ya ce, "Hukuncin ɗaya ne. Kai kuwa ko da akwai saɓani, da na ce ka yi."

Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuɓewa. Tuwonsu ya fi namu tauri, kuma ba sa jin tsoron barkono. Da safe Malam ya haɗa ni da wani majemi na samu kirgi, wato fatar sa mai kauri. Muka sake ɗaga motar, wannan karo da kututturen giginya. Duk abin da muka yi a gida muka maimaita: kwancewa, wankewa, aunawa, ɗinki. Kirgi ba ya karɓar allura, sai ka huda da basilla ka ja zare da haƙori. Kafin in gama tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Giris ɗin Tanko kuma ya kusa ƙarewa, abin da muka shafa bai kai rabin na farko ba.

Mun wuce Burumburum hadari ya haɗo, muka ratse zuwa wata ruga. Mai rugar, wani tsoho da ake kira Jauro, ya karɓe mu ba tare da ya tambayi ko su wane ne mu ba. Ya ba mu bukka, aka kawo fura da nono a ƙwarya mai tsabta kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Abin da ya ba ni mamaki, da aka ajiye abincin sai kowa ya watse. A Bebeji mai gida zai zauna ya sa hannu tare da kai, yana cewa ƙara. Su kuwa kunya ce a ga bakinka yana motsi, kuma ban ga ɗayansu ya ci komai ba har muka tafi. Jauro yana Hausa sosai, sai dai in ya juya wajen shanu harshensa ya sauya.

A nan Tanko ya yi dabara. Ya ce tunda giris ya yi kaɗan, mu ƙara da man shanu, mai dai mai ne. Matar Jauro ta ba mu cikin ludayi. Muka sassauta waya muka cusa, ni kuma na shafe kirgin ta waje don ya yi laushi. Muka kwanta muna jin mun yi abin kirki.

Da na fito alwalar asuba na ga karnukan ruga uku kwance a gindin mota suna lasar baki. Na leƙa. Riga ɗaya babu ita ko alama, ɗayar an cinye rabinta.

Ban yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Na zauna a ƙasa kawai. Tanko ya zo ya gani, ya zauna kusa da ni. Abin ya fi damun Jauro. Ya tsaya riƙe da sandarsa yana ta cewa, "A gidana. Baƙona, a gidana." Ya shiga bukka ya fito da wata fata da ya ajiye don yin takalmi, ya ƙi jin maganar biya. Ranar ma ta tafi a ƙasan mota. Wannan karo Tanko ya shafe rigunan da baƙin man inji, ya ce duk karen da ya ci wannan ya cancanci ya ci.

A bakin dajin Falgore an gitta itace a hanya. Wani mai gadi ya fito da 'yar raga a hannu kamar ta kamun kifi, ya zagaya motar yana leƙe. Na tambaye shi me ya ɓata. Ya ce ƙudan tsando yake nema, don kada mota ta ɗauke shi daga wani wuri ta kai wani. Ya sa muka kakkaɓe rigunanmu, ya gargaɗe mu kada mu sare itace kada mu kunna wuta, sannan ya ɗaga itacen. Ban san a kan tsare ƙuda a kan iyaka kamar ɓarawon shanu ba. Cikin dajin kuwa ƙudan da bai samu a wajenmu ba suka same mu, suka yi ta cizo ta cikin riga. Babu gari, babu gona, sai birai zaune a tsakiyar hanya ba sa ko matsawa da wuri. Duk sanda Tanko ya karya kwana sai mu ji ƙas-ƙas daga ƙasa. Ya ce yashin da ya shiga tun Ba'awa ya riga ya yi ɓarnarsa.

Muka kwana a Doguwa a rumfar kasuwa, muka hau duwatsu zuwa Riruwai.

Barikin kuza ba gari ba ne irin wanda kuka sani. Ƙarfe ake bugawa ya tashi mutane, shi ake bugawa su tashi daga aiki. Ana cin abinci a tsaye a bakin hanya. Ruwan sha ma saye ake. Maƙwabcinka ba lallai ya ji harshenka ba, gaisuwa kuwa kalma ɗaya ce a wuce, babu mai tambayar gida ko gajiya. Na yi ta tambayar Garba ɗan Bebeji ba wanda ya san shi, sai da na ce wanda rami ya danne.

Na same shi a wani ɗakin jinka a ƙarshen layi. Da ba don muryarsa ba da ban gane shi ba. Ya rame, an ɗaure ƙafar da karare.

Na durƙusa na ce, "Yaya, sannu. Inna ce ta aiko ni."

"Na sani," in ji shi. "Babu mai raba ka da rumfa sai ita."

Muna cikin haka wata mata ta shigo da tulu a kafaɗa, ba a ka ba, da 'yar yarinya a bayanta. Ta ajiye ruwan ta rusuna ta gaishe ni da Hausa mai ɗan karkata. Na ɗauka maƙwabciya ce.

Yaya ya ce, "Wannan Laraba ce. Matata ce. Limamin bariki ne ya ɗaura. Mutanen duwatsun nan ne iyayenta. Yarinyar tawa ce."

A gida ba wanda ya san da wannan. Na san Inna, na san irin matar da ta daɗe tana so ya aura, 'yar gidan da aka san kakanninta.

"Tun da na kwanta ita ke wankin kuza a rafi tana ciyar da mu," in ji Yaya. "Idan babu wurinta a motar, ni ma babu nawa. Ka koma ka ce wa Inna ka gan ni."

Na fita na gaya wa Tanko. Ya dubi motarsa, ya dubi ɗakin. Ya ce, "Garwar fetur da ta ƙare za mu bari a nan. Wuri zai samu."

Laraba ta yi mana tuwon acca da wata miyar ganye da ban san sunanta ba. Ƙwayar accan ƙanana ce kamar yashi, ka ci ka ƙoshi, an jima kaɗan ka ji kamar ba ka ci ba. Kayansu duka ba su cika buhu ɗaya ba. Muka shimfiɗa wa Yaya ciyawa a baya, ita ta zauna ta riƙe masa ƙafar a cinyarta don kada ta riƙa buguwa.

Dawowar ta fi zuwan wuya. Fatar Jauro ta riƙe, ko ɗinki ɗaya bai saki ba, amma gaɓar da ke cikinta ta gama aiki. A tsakiyar daji ƙarar ta koma kamar ana daka. Tanko ya tsaya ya ce idan sandar ta karye tana juyawa za ta fasa wani abin da ya fi ta. Muka shiga ƙasa muka cire ta gaba ɗaya, da rigunanta da komai, muka jefa ta kusa da Yaya. Duk ɗinkin da na yi, ga shi kwance a cikin mota ana ɗauke da shi kamar fasinja. Daga nan motar ta koma mai ƙafa biyu kamar kowace.

Ma'anar wannan ita ce turi. Duk taɓon da ta ratsa da kanta a zuwa, yanzu sai da mu. Tanko na riƙe da sitiyari, ni kaɗai ba zan iya ba. A kwarin farko ina ta fama sai na ga mutum kusa da ni. Laraba ce, ta ba Yaya yarinyar, ta ɗaure zani ta sa kafaɗa. Na ce ta koma ciki. Ta ce, "Ƙanen miji, tura." Ba ta da takalmi. Ta tura a wannan kwarin, ta tura a na gaba, ta ɗebo duwatsu da rassa ta cusa a ƙarƙashin taya. A rafin Ba'awa muka yi rabin yini, har sai da wasu manoma suka taimaka. Ban ji ta yi ƙorafi ba, ban kuma ga ta dubi ƙafarta ba. Ni ne na gani da muka hau: duk ta tsattsage, ta kumbura, jini da taɓo sun haɗu.

Da muka hango itatuwan Bebeji rana ba ta faɗi ba. Yaya ya buga jikin mota ya ce a tsaya.

"Mu jira duhu," in ji shi. "Na tafi da ƙafa biyu in nemo arziki. Ba na so a gan ni ana sauke ni kamar buhu."

Tanko bai ko rage gudu ba. Ya ce, "Garba, ka yi haƙuri. Fetur ɗin da ya rage in na kashe ta ba lallai ta sake tashi ba. Kuma ni na gaji."

Haka muka shiga gari da rana, mutane na fitowa daga zauruka. Inna na tsaye a ƙofar gida, ta ji ƙarar motar tun daga nesa. Ni da Tanko muka ɗauko Yaya muka kwantar da shi a tabarma a zaure. Ta durƙusa ta shafa fuskarsa, ta shafa karan da ke ƙafarsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka rame."

Sai yarinyar ta yi kuka a waje. Laraba na tsaye a bakin zaure ba ta shigo ba, buhun kayansu a kafaɗa. Inna ta ɗaga kai.

"Wace ce?"

Yaya ya dube ni. Ni na faɗa. Na ce, "Matarsa ce, Inna. Da 'yarsa. Ita ta yi jinyarsa, da ita muka turo motar tun daga Falgore."

Inna ta miƙe da ƙyar ta je bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon matar, fuska, zani, yarinyar da ke goye. Sannan idonta ya sauka ƙasa, ya tsaya a can.

"Maza biyu a mota," in ji ta, "kuka bar 'yar mutane ta taka haka?"

Ta sauke buhun daga kafaɗar Laraba da hannunta, ta kama ta ta wuce da ita cikin gida, ta gefen ɗanta da ke kwance. Daga ciki na ji ta tana cewa, "Idi, hura wuta ka ɗora ruwa. Ka kawo gishiri da man kaɗanya."

Na hura wutar, na ɗora tukunyar. Na jingina da bango ina jiran ruwan ya yi zafi, barci ya kwashe ni. An ce Inna ce ta zo ta sauke shi da kanta, don ta yi ta kira ban amsa ba.